Hoton Gonar Iya

A wurin aikinmu Uwar Tambaya suke ce mini, kuma ban taɓa yin fushi ba, domin ba ƙage suka yi mini ba. Ni ko allura na tsinta a ƙasa, hankalina ba ya kwanciya sai na san mai ita da abin da take shirin ɗinkawa. Mijina ya sha cewa da 'yan sanda sun san da zamana, da tuni sun ba ni ofis.

Ƙungiyarmu ta manoma ce, waɗanda suka yarda su daina wahalar da ƙasa. Ba sa sa garma, ba sa ƙone kara bayan girbi. Barin karan da ganyen suke yi su lulluɓe gona, sannan su jera duwatsu a gicciye kan gangare don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar ya tafi da ita. Namu aikin shi ne mu nema musu kasuwa. Muna da shago ɗaya a birni, da mota mai buɗaɗɗen baya, da buhuna masu koren layi. Duk waken da ya shiga buhun nan, ko gyaɗa ko masara, ya fi na kasuwa daraja, saboda akwai masu saye da suke son su ji cewa abin da suke ci bai kashe gonar da ya fito ba. Sharaɗin guda ne, kuma babu roƙo a cikinsa. Ranar da garma ko wuta ta shiga gonarka ka fita daga koren buhu, sai ka sake shekaru kana lallashin ƙasar kafin a mayar da kai.

Ni ce mai tsaron shagon. A bango muna liƙa hoton kowane manomi tsaye a gonarsa, don mai saye ya ga fuskar wanda ya noma masa. Manoman kuwa son hoton nan suke yi kamar me. Wani har aron babbar riga ya yi ya shiga cikin gyaɗa da ita. Mutum ɗaya ce ta ƙi, wata tsohuwa da kowa ke kira Iya, wadda gonarta ke can saman tudu. Wakenta ya fi na kowa kyau, shi ke fara ƙarewa a shago, amma duk sanda aka je da maganar hoto sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ita ba amarya ba ce.

Shi ya sa da malamin gonarmu ya shigo shago wata safiya ya ce Iya ta aiko a zo a ɗauke ta hoto, na ce ƙafata ƙafarsu. Na bar wa ƙanwata tsaron shago, na haye gaban mota tsakanin malamin da Direba.

"Ke kuma me ya kai mai shago gona?" in ji Direba.

"Iska zan sha."

"Iska ko gulma?"

Na juya ina kallon hanya, don ya fi ni gaskiya.

Mun tarar da Iya tana jiranmu a bakin gona. 'Yar ƙaramar mace ce, busasshiya, idanunta ƙanana masu kaifi, tafin hannunta kamar bayan bishiya. Gonar kuwa, ga wanda bai sani ba, sai ya rantse an yi shekaru da gudu an bar ta. Kara ne zube ko'ina, ga ciyawa layi-layi tana bin duwatsu, ga 'yan itatuwa sun tofo nan da can ba wanda ya sare su. Gonakin maƙwabta an share su tas, ja wur, sai ita kaɗai a tsakiya kamar kan da bai ga matsefi ba.

"Zo ki gani, 'yar nan," ta ce da ni. Ta durƙusa ta yaye karan, ta cusa hannu cikin ƙasa har wuyan hannu ba tare da ta yi nishi ba. Ta ɗebo ta miƙo mini. Baƙa ce, da sanyinta, tana ƙanshin ruwan farko alhali an daɗe rabon da a ga hadari. Tsutsar ƙasa biyu na murɗawa a ciki.

"Da can nan wurin ko ƙusa sai an buga da guduma," ta ce. "Da maigidan ya rasu ba ni da ƙarfin huɗa, na bar ta haka don dole. Sai ga wannan malamin ya zo yana ce mini wai dabara na yi. Na ce to, tunda rashin ƙarfi ya zama dabara, ƙaro mini wata. Shi ne ya koya mini jera duwatsu. Duk dutsen da kike gani a nan, a kaina ya zo."

Yadda ta mayar da ƙasar wurinta ta ja kara ta rufe, kamar mai gyara wa jariri zane, shi ya nuna mini cewa maganar dole ta daɗe da wucewa. Son ƙasar nan take yi.

Malamin gona ya fito da wayarsa, ya nufi gefen gabas inda jerin duwatsun ya fi kyau, ga wata bishiya mai inuwa. Iya ta ce a'a. Ta ja mu can ƙurya, wurin da karan ya fi hargitsewa, inda dangar ta faɗi, wata tsohuwar bukka ta karkace rufinta ya rufta ciki. Ta cire mayafinta mai kyau ta rataye a reshe, ta tsaya da koɗaɗɗen zanen aiki, ta sunkuya ta ɗauki wani dutse ta rungume a ciki.

"Iya, nan ai ba kyau," in ji malamin.

"Hotonka ne ko nawa?"

Ya ɗauka. Ta ce a nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a sake, bukkar ba ta fito sosai ba.

A nan ne na fara zargin wani abu. Na ga mata da yawa a gaban mai hoto, ban taɓa ganin wadda ta cire na kirki ta tsaya da tsumma ba.

Da muka zauna shan ruwa a tsakar gidanta, sai tambayoyin suka koma fitowa daga bakinta, abin da ban saba ba. Shagon namu a wane titi yake? Na gaya mata. Yana kallon titi ne ko lungu? Na ce titi. Akwai masu sana'a kusa? Na ce akwai mai gyaran waya, da tela, sai layin masu walda a can ƙasa kaɗan.

"Su masu waldar, ta gabanku suke wucewa?"

"Kullum da rana, in za su cin abinci."

Ta gyaɗa kai, ta ɗan juya kofin da ke hannunta. "To ni kada a liƙa ni a ciki da sauran. A sa ni a gilashin ƙofa, ina kallon waje. Kuma a yi shi babba."

"Iya, wa kike so ya gan ki?"

Ta yi mini wani kallo daga sama har ƙasa. "An gaya mini halinki," ta ce, ta miƙe ta shiga ɗaki ta fito mana da ƙwai a ƙwarya.

A hanyar komawa na hana Direba sakat. Shi ke zuwa ɗaukar kaya ƙauyen nan, kuma direban da bai san labarin gari ba bai cika direba ba. Ya yi ta ja mini rai, wai sai na saya masa lemo. Da na saya, ya buɗe baki. 'Ya'yan Iya mata duk sun yi aure nesa. Namiji ɗaya gare ta, shi ne kuma autanta. Bayan rasuwar uban ya nemi a sayar da gonar ya sayi injin walda, ta ce ba da ranta ba. Aka yi musayar magana a gaban mutane, ta faɗa masa abin da ya yi masa zafi, ya ɗauki jakarsa ya tafi birni. Tun daga ranar bai sake taka garin ba. Yakan aiko da sabulu da atamfa ta hannun mutane, ita kuma ta karɓa ta jera a akwati ba ta taɓawa. Ta aika a kira shi, bai zo ba. Ta sa an ce masa ba ta da lafiya, ya aiko da magani.

"Yanzu a ina yake walda?" na tambaya, ko da yake na riga na sani.

Direba ya yi dariya. "Ke ce Uwar Tambaya, ki tambayi kanki."

Wato mu muna ganin mun samu tallar wake, ita kuwa saƙo ta ba mu mu kai. Abin ya ba ni tausayi, ya kuma burge ni, don ni kaina ban taɓa tunanin za a iya kiran ɗa da hoton talla ba.

Aka wanko hoton, ya kai rabin ƙofa. A ƙasansa aka rubuta cewa wannan ita ce gonar da ba ta san garma ba. Na liƙa shi da hannuna inda ta ce, na kuma ja kujerata kusa da gilashi, wai don haske.

Masu saye suka so shi fiye da duk hotunan da ke ciki. Wata malamar asibiti ta tsaya ta ce ita wannan ne ya yi mata kama da gaskiya, ba na masu babbar riga ba. Wani mai gidan abinci ya ce duk waken tsohuwar nan na baɗi a ajiye masa. Shugaban ƙungiya har cewa ya yi za a buga hoton a jikin buhu. Ni dai ba ta su nake ba. Idona na kan titi da zarar rana ta take, lokacin da masu walda ke wucewa da baƙaƙen hannuwa da tabarau a goshi. Ban san fuskarsa ba, sai na riƙa raba musu kamanni ni kaɗai. Wannan ya cika tsawo. Wancan hancinsa ba na Iya ba ne.

Su ma sun lura da hoton, amma ba irin lurar malamar asibiti ba. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, sun san abin da gona irin wannan ke nufi a garinsu. Na ji ɗaya yana cewa, "Allah sarki, wannan ba ta haihu ba ne?" Wani ya ce, "Ko ta haifa sun watse." Suka wuce suna girgiza kai.

Ranar da ya zo ban buƙaci a gaya mini ba. Shi kaɗai ne, bayan sauran sun wuce. Ya tsaya a gaban gilashin kamar an dasa shi, idanun nan ƙanana masu kaifi. Ba fuskarta yake kallo ba. Bukkar yake kallo, da dangar da ta faɗi, da dutsen da ke rungume a cikinta. Ya daɗe har mai gyaran waya ya leƙo ya ga ko lafiya. Sannan ya turo ƙofa.

"Sannu da aiki, Hajiya. Wa ya ba ku izinin sa wannan?"

"Mai hoton da kanta."

"Ita ta ce a sa ta a haka?"

"Ita ta zaɓi wurin ma."

Ya nuna hoton da yatsa. "Kun rasa abin talla sai tsohuwa da dutse? Duk layinmu maganarta ake yi. Ana cewa ba ta da kowa."

"Malam, zauna in yi maka bayani. Gonar nan ba yasasshiya ba ce, da gangan aka bar ta haka. Karan da kake gani shi ke riƙe..."

"A gona aka haife ni," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Na san gonar da ke da mai ita."

Na ɗebo wake a tafin hannu zan nuna masa, kafin in ɗago ya fita. Na bi shi har bakin titi ina kira, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na dawo na zauna, rabin zuciyata na murna saƙo ya isa, rabi na gaya mini ba haka aka so ya isa ba. Na kira malamin gona na gaya masa. Ya ce ba komai, ranar da za mu kai buhunan bana sai ya zauna da su duka biyun in yaron ya zo.

Ba mu kai ga ranar ba. Da safiyar wata Asabar, hadari ya fara haɗuwa a gabas, maƙwabcin Iya ya kira malamin ya ce tarakta ta hau tudu. Direba bai taɓa gudu irin na ranar ba, ni kuma ban taɓa yin tafiya mai tsawo haka bakina a rufe ba.

Tun daga nesa muka ji ƙugin injin. Da muka iso an riga an ci kusan rabin gonar. Faifan garmar na shiga ƙasar nan mai laushi kamar wuƙa a cikin sabulu, yana kifar da baƙar ƙasa sama rana na dukanta. Fararen tsuntsaye sun cika bayan taraktar suna tsince tsutsotsi. Autan na gaba da rigarsa ɗaure a ƙugu, shi da wasu samari biyu da ya ɗauko, suna kwashe jerin duwatsun suna jibgewa a bakin iyaka don kada su karya faifai. An tara kara tuli guda a gefe, ana jiran iska ta kwanta a sa wuta. Aiki yake yi bil haƙƙi, gumi har cikin ido, irin aikin mutumin da ya daɗe yana jin kunya.

Iya na tsaye a ƙarƙashin bishiyar gabas, hannuwanta a baya.

Malamin gona ya diro tun motar ba ta gama tsayawa ba, ya nufi taraktar yana ɗaga hannu. Iya ta sha gabansa. Ban san tsohuwa na da sauri haka ba. Ta kama hannun rigarsa.

"Malam, bar shi."

"Iya, rabi ya rage. In aka tsaya yanzu zan iya roƙon shugaba a bar miki rabin."

"Na ce ka bar shi."

"Wahalar shekarun nan fa? Duwatsun nan..."

"Ni za ka gaya wa nauyinsu?" ta ce. "Tun asuba ya iso. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Iya ki yafe mini, na bar ki kina ɗaukar dutse. Kafin in buɗe baki na ji ƙarar wannan abin a bayan gida. Kuɗin da yake tarawa na injinsa ya kwasa ya ɗauko ta. Yanzu in je gaban yaran nan da ya ɗauko, da maƙwabta da suka fito kallo, in ce masa ɓarna yake yi? Na taɓa gwada masa magana a gaban mutane sau ɗaya. Na ga abin da ta saya mini."

Malamin ya sauke hannunsa. Ya koma jikin mota ya zauna a kan taya, ya cire hularsa ya riƙe. Na tausaya masa, don gonar nan ita ce abin da yake kai baƙi su gani.

Muka tsaya muna kallo har taraktar ta kai ƙurya, ta ture abin da ya rage na bukkar, ta juyo. Aka kashe injin. Autan ya taho yana share fuska da riga. Ya gan ni, ya gane ni, ya ɗan ɗaga gira kamar mai cewa to yanzu fa. Sannan ya juya wurin uwarsa, fuskarsa ta koma ta ƙaramin yaro.

"Iya, kin gani? Yanzu wa zai ce ba ki da kowa?"

Ta dubi gonar daga wannan iyaka zuwa waccan, ja da baƙi a cakuɗe, babu ko tsinke a kai.

"Na gani," ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Ka sha aiki." Sannan ta tambaye shi, "Za ka bi mai taraktar ne, ko za ka kwana?"

Ya kalli mai tarakta da ke ɗaure kayansa, ya ɗaga kai ya kalli hadarin.

"Akwai iri a gida?"

"Yana ɗaki."

"To ai ba na bar miki shuka ke kaɗai ba. In ruwan nan ya sauka sai mu fita da sassafe."

Ya juya wurin samarin yana ba su umarni. Iya ta ja bakin mayafi ta goge hanci, ta ce ƙura ce. Sannan ta dube ni.

"Ki gaya wa shugabanku ya ba wani buhunana. Mai gidan abincin nan da aka ce yana jiran wakena, ki ba shi haƙuri."

Na so in yi shiru, wallahi na so. Amma hali ba ya barin mai shi, kuma tambayar na cin raina tun da muka iso.

"Iya, tambaya ɗaya. Da kika tsaya a ƙuryar nan da dutse, kin san abin da zai yi ke nan?"

Ba ta harare ni ba wannan karon. Ta sunkuya ta ɗauki ɗan curin baƙar ƙasa da faifai ya wurgo har gindin bishiyar, ya riga ya fara bushewa. Ta murza shi ya zube ta tsakanin yatsunta.

"Na san zai zo ya share," ta ce. "Ɗana ne. Amma na ɗauka da fartanya zai zo, 'yar nan. Na ce kafin ya gama kusurwa ɗaya, ina gefensa, na gama gaya masa komai a hankali."

Ta kakkaɓe hannu a zane, ta nufi gida da ɗan saurinta, tana cewa yaron nan tun safe ko ruwa bai sha ba.